Ɗan Maraya Jos a Kunnen Mai Koyon Kuntigi

Da za a tara makaɗan Hausa kaf a fili guda, a ce in nuna gwanina, ba zan tsaya dogon tunani ba. Zan gaida Shata da kalangansa, in rusuna wa Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotsonsu, in jinjina wa Barmani Choge da ƙwaryarta, sa'an nan in zarce can gefe inda wani bawan Allah yake zaune shi kaɗai, ba 'yan amshi, ba sanƙira, riƙe da ɗan abin kiɗan da bai kai tsawon hannu ba. Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ke nan. Tun ina mai sauraro kawai nake cewa babu kamarsa, mutane suna ɗauka son rai ne. Yanzu da na fara koyon kuntigi da hannuna, ina faɗa ne da hujja, kuma a shirye nake in kare maganata a gaban kowa.

Wanda bai taɓa riƙe kuntigi ba zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Gwangwanin kifi ne, irin mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka 'yar sanda ta zama wuya, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan fa. Garaya tana da biyu, molo yana da uku. Goge da kukuma su ma ɗaya gare su, amma su goga su ake yi, sautin ya ja ya yi tsawo har ya yi kuka, ya cika wuri da kansa. Kuntigi kuwa ƙyasta shi ake yi, sautin ya fito ya mutu nan take. In kana son kiɗa ya ci gaba da numfashi, dole hannunka ya yi ta kai da komo ba sassautawa. Babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna maka inda za ka danna, kunnenka ne kaɗai zai gaya maka ka dace ko ka kauce. Kuma sautukan da za ka iya fitarwa 'yan kaɗan ne, ana ƙirga su da yatsun hannu. Da wannan ɗan abin mutum ɗaya ya riƙe kunnen Arewa shekara da shekaru. Ku tsaya ku yi tunanin wannan da kyau.

Mai koya mini wani dattijo ne a nan wajen Kawo, cikin garin Kaduna, wanda ya yi yawon kiɗa da ƙuruciyarsa, daga baya ya ajiye ya kama wata sana'a. Shi ya haɗa mini kuntigin da hannunsa. Koyarwarsa irin ta da ce: ba takarda, ba dogon bayani. Ya kaɗa, ka saurara, ka maimaita. Da farko bai bar ni na taɓa tsirkiya da hannun hagu ba sam, sai dai in yi ta ƙyastawa da na dama, sama da ƙasa, sauti ɗaya, har sai ya fito daidai wa daida. Da na ga abin ya ja, na ce masa, “Baba, yaushe za ku nuna mini inda ake sa yatsu?” Ya ce, “Ɗana, hannun dama shi ne mai gida. In bai zauna ba, na hagu ba shi da masauki.”

Bayan hannun dama ya zauna, na hagu ya samu masauki, sai kuma babban dutsen da kowane ɗan koyo yake karo da shi: buɗe baki. Duk wanda ya gwada ya sani. Hannu yana tafiya lafiya lau, da zarar ka ce za ka ɗora magana a kai, sai ɗaya ya tsaya ya jira ɗaya. Ko kiɗa ya yi tuntuɓe, ko magana ta maƙale. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A daidai wannan gaɓa ne na koma na sake sauraron Ɗan Maraya daga farko, waƙoƙin da na ɗauka na san su ciki da bai tun ina yaro, sai na tarar ashe rabinsu kawai nake ji.

Kai, jama'a! Hannun mutumin nan ba ya gajiya, ba ya sauri, ba ya jinkiri. Ya kama ɗan zagayen kiɗa guda, gajere, ya yi ta juya shi da gudu kuma a tsaftace, kowace ƙyasta tana fita tangaran. A bisa wannan gudun sai ya shimfiɗa magana a natse, kamar ba shi ne yake wancan aikin ba. Yana ba da labari, yana kawo tambaya yana ba da amsa, yana faɗa, yana lallashi, wani lokaci ya saki maganar da sai ka yi dariya, hannun nan kuwa ko gezau. A da, kalmomin nake bi. Yanzu kunnena ya rabu biyu, ɗaya a baki ɗaya a tsirkiya, kuma wallahi na rasa wanne ya fi ba ni mamaki.

Akwai wani abin da ban lura da shi ba sai da na fara koyo, wato amfanin 'yan amshi. Idan Shata ya jefa ɗan waƙa, 'yan amshi suka karɓa, kalangai suka cika fili, yana samun sararin jan numfashi da shirya abin da zai faɗa gaba. Haka Ɗanƙwairo da mutanensa, su har karɓeɓeniya suke yi, a ƙara masa a ƙarasa masa. Wannan ba ragi ba ne gare su, tsarin kiɗansu ke nan, kuma sun kai shi maƙura. Amma Ɗan Maraya ba shi da wanda zai karɓe shi. In ya yi shiru, kuntigi ne zai amsa, kuntigin kuma shi ne yake kaɗa shi. Shi ne jagora, shi ne amshi, shi ne makaɗi. Babu inda zai ɓuya. In ɗan waƙa ya yi rauni kowa zai ji, domin babu tarin ganguna da za su rufa masa asiri. Saboda haka dole kowace kalma ta yi aiki, kuma tana yi.

Ga kuma dabarar da ta fi kashe mini jiki. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kowace gaɓa tana da muryarta da nauyinta, in ka karya su a waƙa sai magana ta fita bare a kunne. In Ɗan Maraya yana tsakanin ɗiyan waƙa, kuntigi yana maimaita zagayensa na asali. Da zarar ya fara rerawa, sai yatsun hagu su riƙa sauya sautin suna bin muryarsa, ta hau su hau, ta sauka su sauka, ya gama su koma mazauninsu kamar ba abin da ya faru. Wannan ne ya sa mutum yake jin kamar tsirkiyar ma Hausa take yi. Malamina ya nuna mini wannan a hankali, da ɗan gajeren zance na gaisuwa. A hankalin ma aiki ne ja. Shi kuwa gwanin da gudu yake yi, yana kuma tunanin labari.

An haifi Ɗan Maraya a Bukur, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin fada ne. Iyayensa duka biyu sun rasu yana ƙarami, Sarkin garin ya ɗauke shi ya riƙe. Tun bai balaga ba ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri, ya ga masu kiɗa a can suka burge shi, ya haɗa kuntiginsa, bai sake rabuwa da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Ina ganin garin da ya tashi yana da hannu a irin mawaƙin da ya zama. Bukur garin haƙar kuza ne. Mutane sun taru a can daga Kano, Katsina, Sakkwato, Barno da ƙasashen kudu, kowa ya baro gida neman abin kai wa baka. Garin leburori ne, da direbobi, da 'yan kasuwa, da masu dafa abinci. Yaron da ya buɗe ido a irin wannan wuri, ba uwa ba uba, ya san darajar mai neman na kansa tun kafin a gaya masa.

Wannan ya kawo ni kan “Waƙar Karen Mota”, wadda ita ta fara fito da shi, kuma har yau in an ambace shi ita ake fara tunawa. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne nake ganin girmansa ya fi fitowa.

A ƙasar Hausa, kusan kowace sana'a ta gado tana da makaɗanta. Mahauta suna da kalangu. Maƙera suna da dundufa. Manoma suna da gangar noma a ranar gayya. Mafarauta suna da garayarsu, 'yan dambe suna da irin su Ɗan Anace. Sarauta kuwa ba a magana, kotso da taushi da tambari duk nata ne. Ma'anar wannan ita ce al'umma ta yarda aikinka aiki ne, kana da suna, kana da taken da za a kaɗa ka ji tsikar jikinka ta tashi. To sai zamani ya zo da mota da hanyar kwalta, ya haifar da sababbin ayyuka waɗanda ba su da gado, ba su da sarki, ba su da take. A ƙasan su duka akwai yaron mota: shi ne mai kiran fasinja, mai ɗora kaya, mai sa waiji, mai canza taya a tsakar rana, mai tura mota in ta mutu a daji, mai kwana a ƙarƙashinta yana gadi. Tufafinsa baƙin mai ne. Direba ya yi masa tsawa, fasinja ya raina shi. Babu wanda ya taɓa tunanin wannan yaro ya cancanci kiɗa.

Ɗan Maraya ya dube shi ya ga mutum. Ya ɗauki abin da ake yi wa sarakuna da zarata ya yi masa. Kuma bai yi masa waƙar tausayi ba, wadda za ta ƙara nuna shi abin a ji ƙai. Ya bayyana aikin ne yadda yake, da wahalarsa da ƙurarsa, yadda mai sauraro zai gane cewa in ba wannan yaron motar ba za ta kai ba. Ni a wurina wannan ya fi ƙarfin nishaɗi. Adalci ne aka yi shi da tsirkiya ɗaya.

Daga unguwarmu Rafin Guza zuwa tashar Kawo ba nisa, ni kuwa hanyata ce. Motocin Zariya, Kano, Katsina da sauran garuruwan Arewa a nan suke lodi. An sake gina gadar Kawo ta zama abin kallo, motoci sun sauya, yanzu kwandasta ake cewa, kuma kowane yana da waya a aljihu. Amma ku je da sassafe ku tsaya ku kalla. Yaran nan suna nan, muryoyinsu sun dushe da kiran gari, suna ɗaure buhuna a bayan mota, suna rabon faɗa tsakanin fasinja da fasinja a kan kujerar gaba. Na sha wuce su ban ɗaga ido ba. Waƙar da aka yi tun kafin a haife su ce ta sa yanzu nake musu sallama, in ce sannu da aiki. In mawaƙi ya iya sauya yadda kake gaida mutane a hanya, me kuma ya rage?

Sai waƙoƙinsa na zaman aure, inda ya zama ɗan wasan kwaikwayo sukutum. “Jawabin Aure” nasiha ce ga ma'aurata, tana jero abin da saki yake jawowa, tana kiran miji da mata su gyara tsakaninsu. “Auren Dole” kuka ce a madadin yarinyar da aka ɗaura wa wanda ba ta so. Ku tuna da zamanin da aka yi ta, lokacin da wannan magana ba ta fita daga ɗaki balle ta hau rediyo. Namiji ne, ɗan Arewa, ya tsaya ya yi magana da yawun yarinya a gaban iyaye, kuma ya yi shi da ladabin da ya sa iyayen ba su kashe rediyo ba. Wannan gwaninta ce da ba kowa Allah Ya ba ba: ka faɗi gaskiya mai ɗaci, wanda kake faɗa wa ya gyara zama ya ce ƙara.

“Gulma Wuya” kuwa ita ce nake kunna wa duk wanda ya ce mini kuntigi ba ya wuce ƙirin-ƙirin. Labari ne na magulmaciyar unguwa mai shiga tsakanin mutane tana kwance aure. Ɗan Maraya shi kaɗai yake fitowa a kowa. Ya sirance murya ya zama wannan, ya sauya ya zama wancan, har kana iya ganin yadda take waige-waige tana rage murya. Ba hoto, ba dandamali, amma gidan gaba ɗaya yana tsaye a gabanka. Kuma kada a manta, duk wannan canje-canjen murya, hannun dama yana nan yana gudunsa bai fasa ba. Ni da na san abin da ake sha kafin a haɗa gaisuwa da kiɗa, in na zo nan sai dai in ajiye kuntigina a cinya in yi ta girgiza kai.

Ranar da na fara shigowa gida da kuntigi, mahaifiyata ba ta ji daɗi ba, kuma na fahimce ta. A wurinmu kiɗa gado ne, wanda bai gada ba in ya ɗauka ana ganin ya zubar da girman gida. Akwai kuma maganar malamai a kan kiɗa, wadda ba ni da ilimin da zan tsoma baki a ciki. Ta ce, “Yanzu kai roƙo za ka fara?” Na ce, “A'a Inna, ku yi haƙuri, ba na zuwa gidan kowa da shi. So nake in gane abin da Ɗan Maraya yake yi.” Ta yi shiru. Can sai ta ce ai su a Rediyon Kaduna suka san shi, suna 'yan mata, kuma akwai wata ƙawarta da aka fasa yi wa auren da ba ta so, ana ta tsokanar mahaifinta da waƙar “Auren Dole”. Ba ta ce ta yarda ba. Amma ta kafa mini sharaɗi biyu, kada ya hana ni salla a kan lokaci, kada in dami maƙwabta, kuma ina riƙe da su. Gidan rediyon nan da aka buɗe a Kaduna a 1962 ya yi wa makaɗan Hausa aikin da ba a iya biya: shi ya kai muryoyinsu ƙauyukan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, har cikin Nijar da Kamaru da Gana.

Ba zan ce duk abin da Ɗan Maraya ya rera nasiha ce ba. Ya yi wa masu kuɗi da masu mulki waƙa kamar sauran mawaƙa, abincinsa ke nan. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Waɗannan suna da matsayinsu a tarihi. Amma waɗanda suka ƙi tsufa su ne na halin mutum: “Mai Akwai da Babu”, a kan zaman mai shi da marar shi, da “Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali”. A yau da buhun masara ya zama abin shawara a gida, kunna ta farkon ka ji ko akwai abin da ya tsufa a cikinta. Ta biyun kuwa duk wanda ya taɓa yin alheri aka juya masa baya zai ɗauka da shi ake.

Koyon nan ya shiga rayuwata ta hanyoyin da ban zata ba. Unguwarmu ta gangara ne zuwa kogin Kaduna, da damina laima ba ta barinmu, wata shekarar ma ruwa har cikin gidajen da ke ƙasa-ƙasa. Fatar kuntigi tana jin wannan kafin mutum ya ji. In iska ta yi laima sai ta saki, sauti ya dushe, sai an ɗan kanga ta a wuta ko a shanya ta a rana kafin ta dawo hayyacinta. Da hunturu kuwa ta ɗame, murya ta yi kaifi, har kana tsoron kada ta tsage. Na zauna a Rafin Guza shekaru ban san iskar unguwarmu tana sauyawa haka tsakanin safe da yamma ba.

Kunne ma ya buɗe. Matan da suke lugude a turmi ɗaya, taɓarya biyu ba sa karo, kiɗa ne cikakke mai zagaye. Mai gyaran Keke da yake buga ƙarfe yana da nasa. 'Yan ga-ruwa in suna gangarowa da kura, jarkoki suna amsa ramukan hanya. Yarinya mai talla tana da karin da ba ta sauya shi, kuma in ka kasa kunne za ka ji hawa da saukarsa daidai suke da na kalmomin, abin nan dai da yatsun Ɗan Maraya suke bi. Masu noman rani a bakin kogi, in injin ban-ruwa ya kama, akwai mai ɗora ɗan waƙarsa a kan bugunsa. Ranar Talata, kasuwar Kawo kanta ƙungiyar kiɗa ce. Duk waɗannan suna nan tun fil azal, ni ne ba ni da kunnen. Sai yanzu na gane inda gwanin ya riƙa samo kayansa. Bai je nesa ba. Ya zauna ne a cikin mutane, ya saurare su fiye da yadda suke sauraron kansu.

Bayan sallar isha'i nake zama in gwada hannuna, a soro, a hankali saboda sharaɗin Inna. In an ɗauke wuta ma babu ruwan kuntigi, wannan ma wata falala ce tasa. Yaran maƙwabta sukan leƙo. Yawancinsu ba su taɓa ganin sa ido da ido ba, wani ya tambaye ni ko abin wasa ne. Su fiyano suka sani da kwamfuta, da waƙoƙin fim. Ba na cikin masu zagin waƙar zamani. Akwai masu murya da basira a cikinsu, kuma Kaduna ma ta fitar da nata. Amma a situdiyo, in murya ta kauce na'ura tana gyarawa, in numfashi ya gaza a yanka a haɗa. Faifan Ɗan Maraya na da, abin da ya faru a gaban makirfo shi kake ji, mutum ɗaya da gwangwani ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda suke yawo a wayoyi yanzu an kwafo su ne daga tsofaffin kaset, suna shuu, wani wurin sauti ya yi ƙasa. Duk da haka ko kalma ɗaya ba ta ɓacewa, saboda yadda yake furta Hausa tsaf, kowane baƙi a mazauninsa. Masu koyar da Hausa a makarantu, ga abin koyarwa a hannunku kyauta.

Duniya ba ta yi wa Ɗan Maraya rowa ba. Ya kai kuntigi ƙasashen waje, gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988. Ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a farkon watan azumi, bai cika shekara saba'in ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa. Kafin shi Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013. Kalangu da kotso da ƙwarya suna da masu riƙe da su har yanzu, ko a biki ko a fada. Kuntigi ne nake jin tsoron masa, domin a yau sai ka yi yawo sosai kafin ka samu mai haɗa shi, balle mai koyar da shi. Malamina ya tsufa, kuma ya gaya mini da bakinsa cewa ya daɗe wani bai zo masa da wannan buƙata ba.

Saboda haka ina da roƙo, kuma wannan roƙon Inna ba za ta hana ni ba. Gidajen rediyon da suke da tsofaffin faya-fayansa a ma'ajiya, don Allah a fito da su, a tsaftace sautin, a adana su ta hanyar zamani kafin tef ya ruɓe. Gidan Arewa yana nan a kan titin Rabah, cikin garin nan namu, wurin ajiye tarihin Arewa ne, kuma waɗannan waƙoƙi tarihi ne. Irin aikin da Ibrahim Sheme da abokansa suka yi a kan rayuwar Shata a 2006, ina fatan ganin makamancinsa a kan Ɗan Maraya a hannun kowane ɗalibi. Wanda yake da kaset ɗin mahaifinsa a ƙasan akwati, kada ya zubar.

Kai kuma mai karatu, musamman in kai matashi ne, je wurin masu tura waƙa a waya, ko ka shiga YouTube, ka nemi “Karen Mota” da “Gulma Wuya”. Ka saurari kowace sau biyu: na farko ka bi maganar, na biyu ka bi tsirkiyar kaɗai. In kuma akwai dattijo a unguwarku da ya iya kuntigi, ko gurmi, ko garaya, je ka gaishe shi, ka ce ya koya maka tun yana da ƙarfin hannu.